Aikin kwana huɗu a mako: waɗanda suka ɗanɗana su ba mu labari

Baban Sadiq, Kano

Assalamu alaikum jama'a. A ofishinmu gardama ta ƙi ƙarewa a kan rage ranakun aiki. Wasu na cewa da wannan tsadar kuɗin mota gara a mayar da mu kwana huɗu kamar yadda aka yi a Kaduna, wasu na cewa lalaci ne kawai za a halatta. Abin da na riƙe shi ne gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta fara tsarin ranar 1 ga Disamba 2021: ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, Juma'a kuma a yi aiki daga gida. Bayan cire tallafin mai a 2023 Kwara da Edo ma sun rage zuwan ma'aikata ofis zuwa kwana uku. Sanarwar gwamnati duk mun karanta ta. Wanda abin ya ratsa ta kansa nake so ya faɗa mana yadda ya ji a jikinsa da aljihunsa.

Maman Hanifa, Kaduna

Wa'alaikumus salam. Ni abin ya same ni kai tsaye, don ma'aikaciyar jiha ce. Da farko murna muka yi ba kaɗan ba. Daga Rigasa nake fitowa, mota biyu zuwa, mota biyu dawowa, to a cire maka rana guda a kowane mako ai ba ƙaramin sauƙi ba ne. Da fetur ya tashi a 2023 sai muka ƙara gane darajar abin. Kuma mu faɗi tsakani da Allah, dama Juma'a wane aiki ake yi? Kafin ƙarfe goma sha biyu maza sun fara naɗe hannun riga za su alwala, an tafi masallaci ke nan sai Litinin.

Matsalar tana cikin awa ɗayan nan da aka ƙara. Tashi ƙarfe biyar ba tashi ƙarfe huɗu ba ne ga mace mai yara. Ka fito ka tarar kowa ya fito lokaci ɗaya, a yi ta kokawar mota, kafin ka isa gida ana kiran Magariba, ba ka ɗora tukunya ba. Yarana sai da na nemi maƙwabciya tana ɗauko min su. Ita kuma Juma'ar da ake cewa hutu, wanki ne da cefanen mako da kai tsohuwa asibiti da gaisuwar rasuwa da barkar da ka tara. Maigida yana ganin kana gida sai ya ce ai yau ba ki da aiki. Maganar aiki daga gida kuwa kada ma a fara. Fayilolinmu na takarda ne suna cikin kabad, ba ni da kwamfuta, wuta kuma sai ta ga dama. Duk da haka in aka ce in zaɓa, kwana huɗun zan ɗauka.

Ɗan Giwa

Hajiya kin yi gaskiya, amma ni ta wajena alheri ne zalla. Ina aiki a Kaduna, gonata tana gida. Da can sai Asabar da safe nake kama hanya, in isa rana ta take, in leƙa gona in juyo Lahadi. Duk abin da 'yan ƙwadago suka gaya min shi ne. Da aka ba mu Juma'a sai na koma tafiya Alhamis da yamma ko Juma'a da asuba. Ina tsaye ake zuba taki, ina tsaye ake yin maimai, na san buhu nawa aka buɗe. A shekarar farko na ga bambanci a masarata, kuma ba wani sabon iri na sa ba, idona ne kawai ya ƙaru a kan gonar. Noma na cikin dalilan da gwamnati ta bayar tun farko, kuma a nan ba ta yi ƙarya ba. Albashin ƙaramin ma'aikaci ba ya kai shi ƙarshen wata, hatsin da ya noma ne ke rufa masa asiri.

Hajiya mai abinci

'Yata ce ta nuna min wannan hira, na ce sai na sa baki. Ku masu albashi kuna lissafin kuɗin motar da ya ragu, ba wanda ya tuna da mu da ke cin abinci a bakin ƙofarku. Rumfata tana kusa da wasu ofisoshin gwamnati, shinkafa da wake da tuwo nake yi. Juma'a ita ce ranar da nake yin dambu, kuma kafin a tafi masallaci ya ƙare. Rana ɗaya aka wayi gari babu kowa sai masu gadi. Kuɗin rumfa bai ragu ba, zubin adashina na kullum ne, mai karɓa ba ruwanta da wata doka. Yara biyu da ke min wanke-wanke kuɗin yini nake ba su, to ran da ban kunna wuta ba su ma ba su da komai. Mai hoton takardu da ke gefena da mai shayi da mai wankin takalmi duk haka. Ku an rage muku aiki albashi na nan, mu an rage mana ciniki ne.

Maman Hanifa, Kaduna

Wallahi Hajiya kin sa jikina ya yi sanyi. Allah Ya buɗa ta wata hanyar.

Malamin firamare, Zariya

Bari in kawo na makaranta, don nan ne abin ya fi ɗaure kai. Da aka fara ba a sa makarantu da asibitoci ba, sai a Janairun 2022 aka ce makarantun gwamnati ma su koma kwana huɗu. Manhaja ba ta ragu ba, don haka darussan Juma'a aka cusa cikin sauran ranakun, aka tsawaita lokacin tashi. A takarda lissafin ya fita. A aji kuwa, yaron da ya zo da kunu a cikinsa tun safe, wani ma bai karya ba, bayan Azahar ba ya jin komai. Kana rubutu a allo kana jin hamma ta bayanka. Lokacin zafi, aji mai kwanon rufi babu silin, ga yara sun cika har ƙasa, darasin ƙarshe sunansa kawai darasi.

Sai kuma karo da Islamiyya. Yawancin yaranmu da La'asar suke tafiya, to yaro ya dawo a gajiye, ya ci abinci a tsaye, ya sa hijabi ko hula ya sake fita. Iyaye da yawa sai suka riƙa zuwa ɗaukar 'ya'yansu kafin a tashi. Abin da masu tsarin ba su lura da shi ba, makarantun allo da Islamiyyu da dama Alhamis da Juma'a suke hutu tun kaka da kakanni. Ke nan ranar Juma'a babu boko babu allo. 'Ya'yan masu hali suna makarantun kuɗi, namu kuma suna talla ko ƙwallo a layi. Ni kaina na ji daɗin ranar, ina samun damar duba littattafan yara a natse in je kasuwa, amma ban yarda an yi wa ɗalibi adalci ba.

Ma'aikaciyar jinya

Mu dai labari muke ji. Ciwo bai san Juma'a ba, naƙuda ba ta san Lahadi ba. Aikinmu na karɓa-karɓa ne, safe, rana, dare. Abin da ya canza mana kawai shi ne layin Juma'a ya ƙara tsawo, don duk wanda aka ba hutu ranar yake kawo iyalinsa. In ana son a rage wa irinmu awanni sai an ɗauki ƙarin ma'aikata, mu kuwa kullum raguwa muke yi, wasu sun yi ritaya wasu sun tafi Saudiyya da Ingila.

Tsohon ma'aikaci, Kafanchan

'Ya'yana, ni ta ɓangaren mai zuwa neman haƙƙinsa zan yi magana. Lokacin da nake bin takardun ritayata na sha wuya a wani ofishi. Ku da kuke cewa dama Juma'a ba a aiki, to ku sani da aka cire ta sai Alhamis ta gaje ta. Ka taso daga nesa ka isa Alhamis da rana, a ce mai sa hannu ya fita, ka dawo Litinin. Litinin a ce suna mitin. Ya rage Talata da Laraba. Ba na cewa kowa haka yake, akwai wata yarinya a wurin da ta tsaya min har biyar saura tana neman fayil ɗina, Allah Ya yi mata albarka. Amma inda babu mai tambayar ma'aikaci me ya gama a mako, ko kwana bakwai aka ba shi haka za a yi, in an rage kuma talaka ne zai ƙara kwana a hanya.

Kuma ba a kanmu aka fara ba. Yahya Jammeh ya yi wa Gambiya haka a 2013, ya ce a bar Juma'a don ibada da noma. Adama Barrow na hawa a 2017 ya soke, aka koma rabin yini ranar Juma'a.

Ɗan Fagge a Dubai

Baba Allah Ya ƙara lafiya. A nan tun Janairun 2022 ma'aikatan gwamnati kwana huɗu da rabi suke yi, Juma'a a tashi da tsakar rana, a huta Asabar da Lahadi. Masarautar Sharja da ke maƙwabtaka da mu ma ta zarce, Juma'ar gaba ɗaya ta bayar. Amma wannan na masu aikin gwamnati ne. Ni a kamfanin aika kaya nake a Deira, kwana shida muke yi, lokacin da 'yan kasuwarmu suka cika gari kafin azumi ma ba a maganar hutu. In ka ga ana yaɗa cewa Dubai an rage aiki, tambayi wa aka rage wa.

Injiniya, Manchesta

Akwai abin da ake haɗawa a wannan gardama wanda ya kamata a raba. Rage awanni daban, matse awanni daban. Gwajin da aka yi a Birtaniya daga Yuni zuwa Disamba 2022, kamfanoni 61 da ma'aikata kusan 2,900, sharaɗinsa shi ne a ba ka cikakken albashi, ka yi kashi 80 cikin ɗari na lokacin, amma aikin da kake fitarwa kada ya ragu. Da aka gama, 56 daga cikinsu suka ci gaba. A gwajin ƙasar Aisland ma tsakanin 2015 da 2019 awannin aka rage daga 40 zuwa 35 ko 36. Ita kuwa Beljiyam a 2022 dama ta bayar ka tattara awanninka na mako cikin kwana huɗu, ba a rage maka ko minti ɗaya ba. Abin da Malamin firamare ya kwatanta na makaranta irin na biyun ne, shi ya sa yara suka ji jiki.

Kamfaninmu ƙarami ne, ba ya cikin wancan gwajin, amma daga baya mun kwaikwaya. Kafin a ba mu ranar sai da aka zauna aka yanke tarurruka, wanda ake awa guda ya koma minti ashirin, wasu aka soke su. Aka ware safiya ba mai kiran wani. Gaskiya na samu lokacin yarana, na daina kai Lahadi ina jin nauyin Litinin. Amma kwana huɗun nan babu wasa a ciki. Hirar da muke yi wajen shan shayi ta mutu, sabon yaro in ya zo ba mai lokacin zama ya koya masa. Kuma ba rana ɗaya muke hutu duka ba, rabi Litinin rabi Juma'a, don kada abokin ciniki ya kira ya ji shiru.

Baban Sadiq, Kano

Injiniya wannan rabon ranakun ya ja hankalina. Akwai wanda ya ga an gwada shi a nan gida?

Shugabar sashe, Legas

Ni 'yar Agege ce, kuma mun yi shi. A Fabrairun 2024 Gwamna Sanwo-Olu ya ce ma'aikata daga mataki na 1 zuwa 14 su riƙa zuwa kwana uku, manya kuma kwana huɗu, saboda tsadar rayuwa. Ba a rufe ofis ba, jadawali aka ce kowane sashe ya yi. Ni na riƙe na sashenmu, kuma nan ne na gane aikin ba wasa ba ne. Kowa Litinin da Juma'a yake so ya zauna a gida. Sai da na kafe takarda a bango ana juyawa duk wata. Na kuma sa doka: duk fayil ɗin da ke hannunka, kafin ka tafi ka rubuta inda ya tsaya ka miƙa wa wanda zai zo gobe, kuma makullin kabad ba ya kwana a jakar kowa. Watan farko an sha rigima, akwai wanda ya kashe waya ranar da yake gida, na mayar da shi zuwa kullum na mako biyu, sauran suka shiga taitayinsu. Masu zuwa da buƙata a wurinmu ba a taɓa ce musu a dawo Litinin ba, don kullum akwai mai sa hannu. Wahalar tana kan shugaba, shi ne ba ya samun cikakken hutun, wayarsa ba ta yin shiru.

Hajiya mai abinci

To 'yar nan, wannan naku ya fi min. Ko rabin mutane ne suka zo ai zan kunna wuta, yarana su samu na yini. Baban Sadiq, in za a yi muku a Kano ku roƙa a yi irin wannan, kuma don Allah ku gaya wa mai abincin bakin ƙofarku ranar da mutane suka fi yawa, ta san mudu nawa za ta auna.