Babbar waya sai an ci BEPC? Muhawara a zauren dangi na waya

Kawu Alhaji: Salamu alaikum. Jiya bayan isha na biyo ta Zango, na tarar da yara biyar a gindin fitila sun haɗa kai kan waya guda, ko sallamata ba su amsa ba. Babbansu bai wuce CM2 ba, ajin ƙarshe na firamare. Na daɗe ina faɗa, yau ma zan maimaita: duk wanda ya saya wa ɗansa babbar waya kafin ya ci BEPC, jarabawar gama kolej, shi ya lalata shi da hannunsa. A gidana doka ce. Mai ja ya ja.

Mushe Lawali: Wa alaikumus salam, Kawu. Ni da nake tsaye gaban allo kullum, rabin maganarka na ɗauka. Yaron da ya kwana kan waya tun daga ƙofar aji nake gane shi: ido ja, hamma ba iyaka, ƙarfe tara ba ta yi ba ya kifa kai. Faransa ma, da muka gaji tsarin lakol a wurinta, tun 2018 ta hana waya a firamare da kolej. Sai dai dokarsu a ƙofar makaranta ta tsaya, ba ta bi yaro gidan ubansa ba.

Kawu Alhaji: To su ma ai sun gani.

Maman Nana: Kawu, Allah ya ƙara girma, ba gardama zan yi da kai ba. Amma waya guda ka ce ka gani, yara biyar. Ashe huɗu ba a saya musu ba, kuma ga su can suna kallo. Ni ma dokarka na bi da Nana. Na hana, na rantse, na kwanta da shirin cewa na kare 'yata. Ashe tun tana aji na biyu a kolej ta buɗe TikTok a wayar ƙawarta. A bakin maƙwabciya na ji. Abin da ya fi ci mini rai ba wannan ba ne. Wani ƙato ya yi makonni yana aiko mata saƙo, yau ya yabi gyalenta, gobe ya ce zai tura mata kati, jibi ya ce ta aiko hoto. Ta tsorata, amma ta kasa faɗa mini, don in ta faɗa sai ta fara tona kanta cewa ta karya dokata. Hanin nan nawa shi ya rufe mata baki.

Inna Hajiya: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi ne ba ki taɓa gaya mana ba?

Maman Nana: Kunya, Inna. Allah ya tsare, ba ta aika ba.

Kawu Alhaji: Wannan laifin uban ƙawar ne da ya saya. Da kowa ya yi irin nawa, ina za ta samu?

Mutari: Kawu, ranka ya daɗe, ka zo ka zauna mini yini ɗaya a shago a kasuwar Dole. Yaro zai yi dako ko tallan ruwa, ya tara ya sayi ta hannu, mai fasasshen gilashi. Ba ya kai ta gida. A wurin mai caji take kwana, ko wajen abokinsa a fada. Kuma ku daina cewa in babu mega an tsira. Da Xender ko Bluetooth ake tura fim daga waya zuwa waya, ko dala ba a kashewa. Abin da nake gani a wayoyin da ake kawo mini gyara, ba zan iya faɗinsa a gaban Inna ba. Ga kuma cacar ƙwallo da ta shigo, ita ce ma ta fi ba ni tsoro ga samari.

Abdul: Ina ƙarami a nan, a yi mini afuwa. TikTok da Facebook su kansu sun ce sai mai shekara 13, amma ba mai dubawa, yaro ya ƙara wa kansa shekaru a wurin rubuta ranar haihuwa shi ke nan. Ostareliya ta gaji da haka, ta yi doka a 2024, ta fara aiki a Disamban 2025: ɗan ƙasa da shekara 16 ba zai riƙe asusu a irin waɗannan shafuka ba.

Kawu Alhaji: Madalla! Shekara 16 ai shekarun BEPC ke nan. Har Turawa sun dawo kan maganata.

Abdul: Asusu suka hana, Kawu, ba waya ba. Kuma kamfanonin ake ci tara, ba iyaye ba. Mu nan wa zai ci tarar TikTok? Abin da ke hannunmu shi ne Family Link na Google, kyauta ne. Daga wayarka kake ƙayyade awa nawa ta yaron za ta yi aiki, ƙarfe nawa za ta kulle, kuma ba ya sauke wani abu sai ka amince. Ba ya hana a tura masa fim a fada, gaskiyar Yaya Mutari ce.

Tanti Hadiza: Duk kun tafi kan 'yan kolej kun bar na goye. Ranar awo ku zo ku gani: yaro ya fara kuka, uwa ta danna masa bidiyo a fuska don ya yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019: wanda bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini. A bakin mutane yaro ke koyon magana. Waɗannan ba wanda ya saya musu waya, Kawu. Tamu muke miƙa musu.

Mushe Lawali: Akwai kuma abin da iyaye ba sa gaya wa yara don su ma ba su sani ba. Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma a watan Yunin 2024 aka maido da ɗauri kan zagi da ɓata suna ta waya. Yaron da bai taɓa jin wannan ba, ran da ya ci BEPC aka damƙa masa waya ba kowa a kansa, wa ya koya masa abin da ake turawa da wanda ba a turawa?

Inna Hajiya: Ke Maman Nana, yanzu yaya kike yi da ita?

Maman Nana: Na sayi guda, na ce ta gida ce, ba tata ba. Lambar buɗewa ni na sa. A tsakar gida ake dannawa, ba a ɗaki ba. Ana sallar isha tana dawowa ɗakina ta kwana. Kuma na yi mata alkawari: duk wanda ya aiko mata maganar banza ta kawo mini, ba duka ba zagi. Sau biyu ta kawo. Mai wuyar ita ce tawa wayar, don ran nan ina cin tuwo ina dannawa ta ce, Mama ke fa?

Kawu Alhaji: Ke kina gida. Uban da ke Agadas ko Kano neman abinci, uwa na kasuwa, wa zai yi wannan gadin? Hani ya fi sauƙi ga talaka.

Mushe Lawali: Nan kam ba ni da amsa, Kawu.

Inna Hajiya: Alhaji, tsaya. Kai da ka ce idonka ya daina ganin ƙananan baƙaƙe, wa ke rubuta maka duk wannan?

Kawu Alhaji: Auta ne. Ina faɗa yana rubutawa.

Inna Hajiya: Autan da bana ya shiga kolej? A ina ya koya?

Mutari: Kawu, lambar buɗe wayarka wa ya sa maka?

Kawu Alhaji: An kira magariba. Abdul, gobe in ka taso daga jami'a ka biyo ta Birni. Dokata dai tana nan.