Mita 2.4 kawai gare ni: layi biyar zan yi ko uku?

Ɗan Loko: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa haɗa ƙaramin layin dogo a gida. Ina zaune a Lesta, Ingila, kuma da ƙyar uwargida ta sakar min bango ɗaya na gareji: tsawo mita 2.4, faɗi santimita 45, babu ƙari don injin wanki na gefe. So nake in kwaikwayi yadin taragun kaya na Kano zamanin dalar gyaɗa, saboda marigayi mahaifinmu a reluwe ya yi aiki har ya yi ritaya. Ina da kan jirgi ɗaya da taragu 14, duk OO ne (sunan wani ma'aunin girman ƙananan jiragen wasa), don haka maganar canza ma'auni ba ta taso ba.

Ga inda na maƙale. In layi biyar zan yi, mararraba huɗu ke nan a jere, wato guntun da ke raba layi ɗaya ya zama biyu. Ƙaramar mararraba ta kamfanin Peco tsawonta santimita 18.5, huɗu sun cinye 74 tun ban ajiye tarago ko ɗaya ba. Idan na ba layukan tsawon kirki, abin da zai rage wa layin da kan jirgi ke ja da baya a kansa ba zai ɗauki fiye da kan da taragu biyu ba. In kuma uku na yi, wurin ja da baya ya wadata, amma ina tsoron abin ya fito kamar tashar ƙauye. Ranar Asabar zan yanka katako. Wanne zan yi?

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka koma ma'aunin N, wanda ya fi OO ƙanƙanta, kawai ka huta. Faɗin layinsa milimita 9 ne, naka 16.5. A wannan bangon sai ka zuba layi takwas.

Ɗan Loko: Malam na gode, amma ai na ce taragu 14 na OO suna hannuna.

Bahaushen Hambog: Kafin ka yanka komai ka hau jirgi ka zo nan Hambog ka ga Miniatur Wunderland, gidan baje kolin ƙananan jiragen ƙasa, tun 2001 aka buɗe shi kuma har yau ƙara shi ake yi. Ni kayan kamfanin Märklin nake amfani da shi, bai taɓa ba ni matsala ba. Ka yi layi mai zagaye, jirgi ya yi ta tafiya kana shan shayi.

Baban Hanifa: Zagaye a faɗin santimita 45? Kwanar kamfanin Hornby mafi ƙanƙanta ma daga tsakiyar da'ira zuwa layi santimita 37 ce, kafin ta juyo ta ci kusan 80. Kuma Märklin ta tsakiyar layi yake ɗaukar wuta, kan jirgin Ɗan Loko ko motsi ba zai yi a kai ba.

Kawu Na Fagge: Yaro, zauna ka ji abin da son layi da yawa ya ja min. Shekara huɗu ke nan, a nan Kano, na ware ɗakin soro na sa kafinta ya yi min tebur mai faɗin santimita 90. Layi bakwai na shimfiɗa, duk wanda ya leƙo sai ya ce masha Allah. Ranar da na zo haɗa jirgin farko na gane na yi aikin baban giwa: wurin ja da baya kan jirgi da tarago ɗaya tak yake ɗauka. Jirgi mai tarago shida sai na yi sawu shida, gaba, baya, juya mararraba, gaba, baya. Daga la'asar har aka kira magariba ban gama ba. Layi biyu na can baya kuwa hannuna ba ya kaiwa, in na miƙa sai hannun rigata ya share taragun gaba, kana ji ƙwas-ƙwas a siminti. Ƙugiya nawa na karya a haka, Allah kaɗai ya sani.

Wannan duk da sauƙi. A cikin sanyin Disamba na yi aikin, na matse kowace gaɓa ƙarfe da ƙarfe, har na bi da dalma na liƙe, wai ni mai inganci. Ɗakin rufin kwano ne babu silin. Afrilu na kamawa na buɗe ƙofa na tarar da layi na uku ya lanƙwashe kamar maciji ya ratsa yashi, ya tumɓuke kansa daga 'yan katakon roba da ke riƙe shi. Ƙarfe ya ji zafi ya miƙe, bai sami inda zai je ba. Hunturu ya dawo, ƙura ta kwanta, kan jirgi ya yi taku biyu ya tsaya, sai na bi layi bakwai da tsumma ɗaya bayan ɗaya. Damina ta zo katako ya kumbura, gara ta shiga ƙafar tebur. Ana cikin haka aka sa ranar auren ƙanena, Hajiya ta ce ɗakin za a ba shi. Wa zai yi musu da Hajiya? Teburin yanzu yana wurin mai shayin bakin layinmu, kullum da safe ina wucewa ina ganin ramukan da na huda wa waya, an jera gwangwanin madara a kai.

Ɗan Maraɗi: Kawu Allah ya ba da haƙuri, amma ko ba komai naka jirgin ya yi tafiya. Mu an shimfiɗa na gaske daga Yamai zuwa Doso, awaki ke kwana a kai. Yanzu na Kano muke jira ya iso mu.

Maman Sadik: Ɗan Loko, ni dai in amsa abin da ka tambaya. Uku za ka yi. Ni da yarana muna da irinsa a kan kanta, tsarin da Turawa ke kira Inglenook: layi ɗaya mai ɗaukar tarago biyar, biyu masu ɗaukar uku-uku, wurin ja da baya kuma kan jirgi da taragu uku. Mararraba biyu kacal. Taragu takwas ake zubawa, a rubuta lambarsu a takarda, a zaro biyar, a haɗa jirgi bisa jerin da suka fito. Jeri 6,720 ne ke iya fitowa, shekara biyu ba mu gaji ba. Namu bai fi mita 1.3 ba, kai kana da kusan ninki. Ka sayi matsakaiciyar mararraba mai santimita 22, taragu sun fi bin ta lafiya in ana tura su da baya, ragowar wurin ka yi dalar gyaɗarka da sito. Kuma kada ka yanka katako Asabar. Peco na da zanen mararrabarsu daidai girmanta, kyauta, ka buga a takarda ka shimfiɗa a ƙasa, ka jera taragunka a kai ka tura da hannu.

Injiniya Ƙarami: Takarda a wannan zamanin, Hajiya? Ya sauke AnyRail, manhajar zana layin dogo, a kwamfuta, har guntu 50 kyauta ne. Na zana masa ma, layi biyar sun shiga daram.

Maman Sadik: Sun shiga a kwamfuta. Ƙanena, ka taɓa haɗa ko ɗaya a kan katako?

Injiniya Ƙarami: Ina tara kuɗi ne. Amma lissafi lissafi ne.

Baba Mai Tuta: Jikana ne ke rubuta min. Na yi aiki a yadin Zariya, kuma duk cikinku ban ga wanda ya taɓa shiga tsakanin tarago biyu da daddare da fitila a hannu ba. Ɗan Loko, ɗana, tun daga tushe akwai gyara. Dogon da ya iso Kano a 1911 ƙafa uku da inci shida ne, milimita 1,067. Layinka na OO na Ingila ne, ya fi namu faɗi. Jikana ya lissafa, ya ce a ma'aunin 1 bisa 87 layi mai milimita 12 ne daidai da namu. In Kano kake so, yi Kano. Kuma yadi babu layin da kan jirgi zai zagayo ya koma ɗaya gefen taragu ba yadi ba ne.

Baban Hanifa: Baba a gafarce ni, yadin Zariya ba a gareji yake ba, ba kuma injin wanki a gefensa. Layin zagayowar nan wasu mararraba biyu zai ci.

Baba Mai Tuta: Shi ya sa ba ku san aikin ba.

Ɗan Loko: Baba Allah ya ƙara girma, na ji. To nawa ake sayar da mararrabar yanzu? Ni fam 17 na gani a shago.

Baban Hanifa: An tsuga maka. Fam 6 na saya a baje kolin masu wannan harka, ta hannu ce amma garau.

Bahaushen Hambog: Ta hannu? Na sayi uku, biyu ɗan sifirin da ke riƙe harshen ya mutu, tarago na zuwa sai ƙafar gaba ta bi dama ta baya ta bi hagu. Araha ba ta ado.

Kawu Na Fagge: Ni naira 12,000 kowace ta iso min har Kano.

Injiniya Ƙarami: Kawu wace shekara? Watan jiya aka ce min 45,000.

Ɗan Maraɗi: Dalar gyaɗar fa, da me za a yi? Buhu a wannan ma'aunin bai fi ƙwayar wake ba. Ka jera wake na gaske, ɓerayen Ingila su zo su yi maka lodi kyauta.

Kawu Na Fagge: Ku bar maganar farashi, ku tambaye ni nawa suka iso. Goma sha ɗaya na biya, takwas mai kago, wato mai jigilar kaya daga waje, ya miƙo min bayan wata uku, biyu a lanƙwashe don an ɗora musu injin markaɗe. Na yi magana ya ce ai kayan wasan yara ne, me zai sa dattijo kamata ya tayar da jijiyar wuya.

Maman Sadik: Wallahi haka suke. Na aika wa ɗan yayata kan jirgi, aka auna kilo ɗaya a nan, can aka ce sai an biya kuɗin kilo huɗu kafin a saki kwalin.

Bahaushen Hambog: Ni yanzu sai in wani zai je gida nake cusawa a akwatinsa cikin safa. Shi ma a filin jirgi sai da aka sa shi ya kwance, wai waya da maganaɗisu me za a yi da su.

Ɗan Loko: Jama'a, gobe fa Asabar. Uku ko biyar?

Injiniya Ƙarami: Kawu, mai kagon naka ta ruwa ya kawo ko ta sama? Don nawa cewa ya yi ta sama ne, yau sati bakwai kullum sai ya ce kaya suna Legas.