Wane suna za mu sa wa blue jay?

1/ Jama'a, akwai tsuntsun da masu fassara ke ta bari da sunansa na Turanci: blue jay. A gabashi da tsakiyar Amurka da kudancin Kanada yake, babu shi a dajinmu, shi ya sa kakanni ba su raɗa masa suna ba.

2/ Siffarsa: tsawo santimita 22 zuwa 30, nauyi giram 70 zuwa 100. Baya shuɗi, ciki fari-fari, baƙin zobe a wuya, ga tukku. In ransa ya ɓaci tukkun ya miƙe tsaye, in yana kiwo cikin 'yan'uwa ya kwantar da shi.

3/ Wani malami ya ce a kira shi tsanwaka. Allah ya gafarta malam, ban yarda ba. Tsanwaka tamu ce, muna ganinta kan wayar lantarki tana dakon fara, kuma danginsu ba ɗaya ba. Kamar launi kawai suka yi.

4/ Shi blue jay dangin hankaka ne, halinsa ma ya nuna. Ga surutu, ga wayo. Yakan kwaikwayi kukan shaho har ƙananan tsuntsaye su watse su bar masa abinci. Da kaka yana cika maƙoshi da 'ya'yan wani babban itace da ake kira oak, ya je ya binne su ɗaya-ɗaya saboda hunturu. Waɗanda bai koma ya tono ba su ke tsirowa, haka yake yaɗa daji bai sani ba.

5/ Wata 'yar'uwa ta kawo "hankakan shuni". Daɗin faɗi kam akwai, Hajiya, amma shuni rini ne, gashin tsuntsun nan kuwa babu ɗigon rinin shuɗi a cikinsa. Launin da ke ciki ruwan ƙasa ne. Tsarin gashin ne ke watsa haske, ido ya ga shuɗi. Murje gashin a turmi, shuɗin ya tafi.

6/ Ni dai na tsaya kan "shuɗin hankaka", jam'i "shuɗɗan hankaki". Na san bai kai rabin hankakanmu girma ba, amma wanda ya ji sunan ya san launi ya san dangi. In ana son cikawa a ƙara "mai tukku".

7/ Ƙungiyar wasan besbol ta Toronto da ta fara wasa a 1977 kuwa, a bar mata Blue Jays ɗinta. Masu wata shawarar, bismillah.