Wai Oliver Queen ba shi da abokan gaba nasa na kansa ne?

Telan Birni:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ɗinki nake yi a nan Damagaram, in na rufe shago da dare sai in kalli Arrow, fim mai dogon zango na Amurka, a waya, wanda aka juya da Faransanci. Na shiga zango na uku, sai ga Ra's al Ghul. To ni wannan mutumin na san shi a fim ɗin Batman na 2005. Abin ya tsaya mini a rai, don ina ƙaunar Oliver Queen, maharbin da shi ne jarumin shirin. Kakanmu maharbi ne, kwarinsa na nan rataye a ɗakin babanmu, shi ya sa duk wanda ya riƙe baka da kibiya nake ganin girmansa. Jarumi irin wannan a ce sai an aro masa mugu daga gidan wani? Masu sani ku warware mini.

Malamin Lakwal:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Idonka bai yi maka ƙarya ba. Ra's al Ghul na Batman ne tun fitowarsa a mujallun zane a 1971. Slade Wilson, wani babban mugun shirin, shi ma aro ne, a 1980 aka ƙirƙiro shi don ya yaƙi ƙungiyar matasan jarumai ta Teen Titans. Dalilin tsoho ne. Da marubuci Mort Weisinger da mai zane George Papp suka fito da Green Arrow, wato Oliver Queen na mujallun zane, a 1941, kusan sawun Batman suka bi: attajiri, da mota, da kogo, da yaro mai rufa masa baya, wato Speedy. Sai wajen 1969 mai zane Neal Adams ya sake wa Green Arrow kama, ya sa masa gemu, marubuci Dennis O'Neil kuma ya talauta shi. Daga nan faɗansa ya koma kan masu kuɗin da ke danne talaka da dillalan ƙwaya, har a 1971 aka nuna Speedy ɗin kansa ya faɗa harkar hodar heroin. Abokan gabansa na asali akwai Merlyn, baƙin maharbi, da Count Vertigo.

Ƴar Sabon Gari:
Malam, da girmanka, ni batun aro bai dame ni ba. Wa ya girgiza Oliver kamar Slade? Tare suka sha wuya a tsibirin Lian Yu, shi ya koya masa faɗa, sannan ya zo ya soke Moira, mahaifiyar Oliver, da takobi a gaban idonsa. Ranar da na kalli wurin nan ban iya cin tuwon dare ba.

Telan Birni:
Yaya, Slade ya iya mugunta, ban musa ba. Amma ni Malcolm Merlyn ne ya fi ba ni tsoro, kuma na ji daɗi da Malam ya ce nasa ne. An kashe masa mata a unguwar Glades, sai ya yanke wa unguwar talakawa gaba ɗaya hukunci, ya haddasa girgizar ƙasa, mutum 503 suka mutu har da ɗansa Tommy. Irin raini ne da mukan ji a bakin wasu in ana zancen ƴan Kara-Kara, unguwar talakawa a nan Damagaram, kamar ba mutane ne ke kwana a can ba.

Malamin Lakwal:
To ka daure ka kai zango na biyar, akwai wani Prometheus da ke jiranka. Zango 8 ne duka, daga 2012 zuwa 2020. Don Allah kada kowa ya faɗa masa ko wane ne a bayan takunkumin.