Dokumenteshin: wace kalma za mu ba shi da Hausa?

1/ Jama'a ku taya ni, wata kalma ta tsaya mini a wuya. Ni da abokaina biyu muna haɗa wata 'yar manhaja a nan Bauchi, wadda za ka ce mata "nemo mini kantin magani kusa da Wunti" ta je ta nemo. Ƙirƙirarriyar basira ce ke zuwa neman. Turawa na kiranta ejan, mu tuni muka raɗa mata ɗan aike, kuma sunan ya zauna. Saura dokumenteshin.

2/ Ga abin da nake nufi. Ɗan aiken nan ba ya ganin cikin na'urar neman wurare da zai yi aiki da ita. Abin da yake gani kawai sunanta, da 'yan layukan bayani, da jerin abubuwan da zai cike. Haka tsarin MCP, wato ƙa'idar haɗa ɗan aike da irin waɗannan na'urori, da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024 yake. In rubutun nan, wato dokumenteshin, ya gurgunce, aiken ma ya gurgunce.

3/ Mun gani da idonmu. Wata na'ura da muka gwada, bayaninta cewa kawai ya yi a ba ta lambobi biyu na wuri, bai faɗi wacce ke gaba ba. A Google Maps lambar arewa ake fara sawa, a tsarin GeoJSON na rubuta bayanan taswira kuwa ta gabas ce a gaba. To garin Bauchi yana kusan 10.31 arewa, 9.84 gabas. Ɗan aikenmu ya juya su. Da Legas ce ko Sakkwato da nan take an gane, amma lambobin Bauchi kusan tagwaye ne, sai ga shi bai ma fita daga jihar ba. Ya sauka fiye da kilomita 70 kudu maso gabas, can wajajen dajin Yankari, ya dawo yana ce mana babu kantin magani ko ɗaya. Gaskiyarsa kuwa, giwaye ba sa sayen farasitamol. Kwana biyu muna zargin intanet.

4/ An ce matambayi ba ya ɓata. Wannan ɗan aiken kuwa sau da yawa ba ya tambaya, cankar abin da ya fi kama da daidai yake yi ya wuce.

5/ Shawarwari sun shigo, na gode. "Takardun bayani" ta fi yawa, amma kunnena ofis yake jiyowa, kamar takardun fili ko na neman aiki. "Jagora" kuma mutum ne mai riƙe maka sanda, yana tare da kai a hanya. Wannan rubutu kafin tafiya ake karanta shi.

6/ Wani malaminmu na Hausa ya ce "sharhi". Allah ya gafarta Malam, ban ƙi ta taka ba, amma a zaure sai an karanta matani sannan a jingina da sharhi. Nan ɗan aike ba shi da matanin da zai duba, rubutun ne kaɗai abin da ke hannunsa.

7/ Sai wata 'yar'uwa daga Gombe ta ce: "Yaya, ai kwatance ne. In Inna za ta aike ni Tsohuwar Kasuwa ba littafi take ba ni ba. Cewa take, ki shiga ta ƙofa kaza, layi na biyu, mudu biyu ba tiya biyu ba, in babu ki dawo mini da kuɗina kada ki sayo wani abu." Wallahi da na karanta sai da na ajiye waya. Duba fa abin da Inna ta haɗa: inda za a bi, ma'aunin da za a yi amfani da shi, da abin da za a yi in ba a samu ba. Da su nake auna kowace na'ura yanzu. Nisa da mita ne ko da kilomita? In an rubuta Yalwa, ta Bauchi za ta kawo, ko ta Yawuri, ko ta Shendam? In ba ta samu ba, shiru za ta yi ko za ta faɗa? Nominatim, mai neman wurare na taswirar OpenStreetMap, alal misali, ya rubuta ƙarara cewa kada a wuce tambaya ɗaya a daƙiƙa a sabarsa ta kyauta, wato kwamfutar da ke amsa tambayoyin. Wannan mai kwatance ne da ya san ɗan aike na da rawar kai.

8/ Malam ya dawo da gyara, kuma yana da hujja: abin da na'urar ke bayarwa shi ma ai kwatancen wuri ne, za a rikice. Shi ya sa na ƙara kalma ɗaya. Abin da na'ura ta kawo, kwatancen wuri. Abin da aka rubuta game da ita, kwatancen aiki. Jam'i kwatance-kwatancen aiki, ko da yake ya yi wa baki nauyi, ni dai zan riƙa kauce masa.

9/ Na riga na sauya sunan fayil ɗin zuwa "kwatancen aiki". Malam ya ce shi har yanzu yana kan sharhinsa, mu haɗu bayan La'asar.