Wace manhaja ce ta fi daɗin karatun PDF, kuma da gaske ana koyon karatu da sauri?

Sadiya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ku taimaka min da shawara. Jarrabawa ta matso, takardun laccarmu duk PDF ne, manhajar da ke wayata kuma talla ta ishe ni, ina tsakiyar shafi sai bidiyo ya faɗo. Wacce ce ta kyauta mara nauyi? Sannan na ga ana tallan koyar da karanta kalma 1,000 a minti ɗaya. In biya?

Injiniya: Wa'alaikumus salam ƙanwata. In wayarki Android ce, sauke ReadEra. Ba talla, ba rajista, tana buɗe PDF da EPUB da takardun Word, tana kuma tuna shafin da kika tsaya. A kwamfuta mai Windows kuwa SumatraPDF nake ba kowa. Ko tsohuwar kwamfuta ce, nan take za ta buɗe, har akwai wadda ake sawa a filash a yi yawo da ita.

Maman Hanifa: Ni dai ina nan da Adobe Acrobat Reader ɗina. Su suka ƙirƙiro PDF ɗin tun 1993. Karatu da shafa wa layi kala da ɗan rubuta bayani a gefe duk kyauta ne, gyaran rubutun ciki ne sai an biya. Nauyi kam tana da shi, ban musa ba.

Injiniya: Hajiya, nauyin nan ai shi ne matsalar mai ƙaramar waya. Kuma wanda ke da Edge, manhajar shiga intanet da ke zuwa da Windows, a kwamfutarsa ma ba sai ya sauke komai ba, yana buɗe PDF har ya karanta maka da murya, in Turanci ne.

Ɗan Zariya: Duk kun bar abin da ya fi cin lokaci. An tsara shafin PDF ne don takarda, girmansa ba ya canzawa, shi ya sa a waya kake ta ƙara girma kana ja dama kana ja hagu. Nemi manhajar da ke sake jera rubutun ya cika faɗin allonki, kamar Librera. Adobe ma tana da irin wannan a waya. Amma in malami hoton littafi ya ɗauka ya mayar PDF, wannan hoto ne, ko kalma ba za ki iya nema a ciki ba. Sai ki ɗora a Google Drive ki buɗe da Google Docs, zai ciro rubutun. Ki dai sake dubawa, musamman in Hausa ce, don haruffa masu lanƙwasa kan fito a karkace.

Sadiya: Na gode yayye. To maganar saurin fa?

Ɗan Zariya: Librera ɗin tana da wani tsari da ke jefo kalmomi ɗaya bayan ɗaya a wuri guda, ido ba ya yawo. Kina iya kai shi kalma 500 a minti. Gwada, kyauta ne.

Malam Babba: A'a ɗana, a nan ne za mu raba hanya. Sadiya, ki riƙe kuɗinki. Wannan kasuwa tsohuwa ce, tun 1959 Evelyn Wood ta buɗe makarantar irin wannan a Amurka. A wani nazari da aka buga a 2016, masani Keith Rayner da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi kan motsin ido lokacin karatu, abin da suka tarar shi ne sauri na ƙaruwa, fahimta na raguwa. Ido ba ya ɗaukar layi sukutum. Tsalle yake yi yana tsayawa, kowace tsayuwa kusan kwatan daƙiƙa, kuma abin da yake amfana da shi bai wuce haruffa 15 a gabansa ba. Wani nazari na 2019 ya sa matsakaicin saurin babban mutum a Turanci kalma 238 a minti, in ba ƙagaggen labari yake karantawa ba. Mai cewa 1,000 lissafin shafukan da ya juya yake yi.

Komawa baya da masu kwas ɗin ke kira ɗabi'a mara kyau kuwa, da ita ido ke gyara abin da bai gane ba. Tsarin da Ɗan Zariya ya faɗa ya toshe wannan ƙofar: kalma ta wuce, ta wuce ke nan.

Ɗan Zariya: Allah ya gafarta Malam, ai ni labaran ƙwallo nake karantawa da shi.

Malam Babba: To ka ga, ka riga ka san 'yan wasan. Sanin kalmomi da sanin fannin shi ke kawo sauri. Ɗauko littafin kimiyyar magunguna ka sa 500 ɗin mu gani.

Maman Hanifa: Abin da nake sa ɗalibaina: kafin ki fara babi, bi kanun nan duka, karanta farkon kowane sakin layi da taƙaitawar ƙarshe. Ki mayar da kowane kanu tambaya. Sannan ki karanta kina neman amsa, inda kika sani ki wuce da gudu, inda ya yi tsauri ki zauna. Kin gama, kife wayar ki faɗi abin da kika riƙe da bakinki. Kuma a kashe data, don saƙonnin zauren nan ma ɓarayin lokaci ne.

Injiniya: Hajiya ta kore mu ke nan. Ƙari ɗaya: kar ki sauke manhajar da aka turo miki a WhatsApp wai an cire mata kuɗi, ta nan ake kwasar cuta a waya. Play Store kawai.

Sadiya: Allah ya saka da alheri. Na sauke ReadEra, kwas kuma na fasa. Yaya Ɗan Zariya, takarda ɗaya hoto ce mai shafi da yawa, Google Docs ɗin zai ɗauka duka ko sai na rarraba?

Ɗan Zariya: Rarraba ta babi-babi, ya fi tsafta. Bari in dawo daga masallaci in nuna miki yadda ake yanka ta.