Mubin hed: wai me za mu kira ta da Hausa?

Salamu alaikum, masu aikin wuta da sauti a wajen taro ku matso kusa. Fitilar nan da ake ratayawa saman dandali, mai juya kai hagu da dama, ta ɗaga ta sunkuya tana canza kala, kowa mubin hed yake ce mata. Ni kuma yara nake koya wa aikin, sunan baya gaya musu komai wallahi.

Da farko na ce fitila mai waiwaye. Wani abokin aikina ya ce a'a malam, waiwaye gefe ne kawai, ina ka bar ɗagawa da sunkuyawa? Gaskiyarsa. Wani ya kawo mujiya tunda ita ma tana juya wuya kusan zagaye, yawancin fitilun nan kuwa digiri 540 suke juyawa, amma wa zai ce wa uwar amarya zan kawo mujiya takwas wajen dina?

Ni dai na tsaya kan FITILA MAI LINZAMI, kamar yadda muke cewa makami mai linzami, saboda abin da ya raba ta da sauran fitilu shi ne wani na can nesa yana sarrafa ta, ba don kanta take motsi ba. Linzamin shi ne DMX512, tsarin aika wa fitilu umarni ta waya da aka kafa a Amurka a 1986, waya ɗaya tana ɗaukar layi 512, kowane layi ana ba shi umarni da lamba daga 0 zuwa 255, kuma fitila ɗaya sai ta cinye layi goma sha shida ko fiye, na juyawa daban, na ɗagawa daban, na kala, na haske, na zanen da take jefawa a bango, shi ya sa dole kowacce a ba ta adireshinta, in ta farko tana 1 tana cin 16 to ta biyu 17 za ta fara, in ka bari suka hau kan juna sai ka taɓa kalar wannan waccan ta juya.

Kuma don Allah a daina jona su da wayar makirfo don bakin ya shiga, ba iri ɗaya ba ne, fitila za ta dinga makyarkyata. Fitilar ƙarshe a jerin kuma a toshe ta da taminato, wato ɗan marfin da ke rufe ƙarshen wayar, mai ohm 120.

To teburin da ake zama a gabansa ana sarrafa fitilun fa? Ni akala nake so, mai aikin kuma mai akala. Mutanen Zariya da Maraɗi, ku ya kuke cewa a wajenku?